Ludayi a Wuyan Wanzami

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa da faɗi, Ya ba ɗan Adam ƙafa biyu, Ya kuma bar wa wawa zaɓin inda zai kai su. Ku gyara zama ku ji labarin Korau wanzami, mutumin Kano, wanda ya ƙetare daji da ruwa neman ilimi, ya kusa ƙare rayuwarsa a gindin murhu saboda naman layya. Ni ne Korau ɗin. Saboda haka in kun ji ƙari a cikin zancen, kada ku zargi kowa, ni na yi abina.

Sanƙo ne ya fitar da ni daga gida. Ba nawa ba, na masu zuwa aski. Wata shekara na lura kawunan dattawan unguwarmu sun fara ƙyalli tun kafin aska ta taɓa su. Wanzami kuwa in gashi ya ƙare sai ya koma ga kaciya, ita kuma sau ɗaya ake yi wa mutum. Da na ji fatake suna labarin wani birni a gabas mai suna Zangarma, inda babu mai sanƙo ko ɗaya, sai na rataya zabirata na ce sai na gano sirrinsu. Na ce wa matata Ladidi kafin damina biyu na dawo. 'Yarmu Uwani tana rarrafe a lokacin, ta riƙe mini ƙafar wando, sai da uwarta ta ɓamɓare ta.

Na sha wuya a hanya, ba zan ɓoye ba. A wani daji na faɗa hannun wani ƙaton dodo mai gemu har gwiwa, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki suna ƙyanƙyasa. Ya ɗaga ni da yatsu biyu yana duba ta inda zai fara. Na ce, "Ranka ya daɗe, babba irinka zai ci abinci da wannan ƙazanta a baki? Bari in gyara ka tukuna." Ya yarda, don ko dodo yana son a ce ya yi kyau. Na aske masa rabin gemu tas, sannan na ce aska ta dakushe, bari in nemo dutsen wasawa a bayan tudu, kada ya motsa. In bai gaji ba, yana nan zaune da rabin gemu.

Bayan shekara guda na isa bakin Kogin Waiwaye. Na ga jirage suna ta gangarawa gabas, na faɗa ɗaya ban tambayi kowa komai ba. Sai da muka sauka a Zangarma matuƙin ya gaya mini halin kogin. Shekara bakwai yake gudu gabas da ƙarfin da babu jirgin da ke iya tunkararsa, sannan ya tsaya cik, ya juya yamma na kwana uku kacal. A waɗannan kwanaki uku ne kaɗai baƙo ke iya komawa gida. Saura shekara uku ya juya. Na zauna a kan zabirata na zagi kaina da fatake da masu sanƙo gaba ɗaya.

Zangarma birni ne mai kyau, mutanensa kuwa gashi har gadon baya, maza da mata. Aiki ya same ni har hannuna ya yi kanta. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Kowane mutum yana yawo da 'yar tukunyarsa a rataye a ƙugu. In yunwa ta kama shi sai ya dafa nasa, ya juya fuskarsa bango, ya cinye shi kaɗai. Miji da mata ma haka suke yi, kowa da bangonsa. Ni kuwa ɗan Kano ne, in ina cin abinci mutum ya gifta sai na ce masa bismillah. Duk wanda na yi wa haka sai ya dafe ƙirji ya ruga a guje. Na ɗauka warin daddawata ne ba sa so. Da na tambayi wani dattijo sirrin gashinsu, ya ce ai mutum ba ya sanƙo sai in yana ciyar da wasu. Na yi dariya na ɗauka wasa yake yi. Da ina sauraro kamar yadda nake surutu, da a ranar na gane komai.

Ina cikin shekara ta uku, wata rana ina wucewa ta bayan kasuwa, sai na ji murya daga wani gida tana cewa, "Ke kazar nan, Allah Ya haɗa ki da shaho!" Da Hausa tsantsa. Na yi sallama na shiga, na tarar da wata tsohuwa gajera, lulluɓe da mayafi har wuya duk da zafin wuta, tana tuƙa tuwo a tukunyar da za ta ɗauki mutum biyu. Sunanta Tabawa, mutuniyar Zazzau. Ta biyo mijinta fatauci, ya rasu a nan, shekara ashirin da ɗaya ke nan.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Kano, Gwaggo."

Ta ce, "Oho. Duk duniya Allah Ya rasa wanda zai aiko mini sai bawana."

Na ce, "Bazazzagiya ce ke kiran Bakano bawa? Ai ko a lahira mu ne iyayen gidanku."

Ta ɗaga muciya kamar za ta make ni, sai kuma ta fashe da kuka. Ni ma na taya ta, ban ji kunya ba.

Daga ranar kullum ina gidanta. Safe da yamma mutane sun fi ɗari suna yin layi a ƙofarta da kwanuka, tana zuba musu tana zaginsu da Hausa, suna godiya. Na ɗauka sana'ar tuwo take yi. Ita ce kuma ke riƙe da lissafin watanni, da ƙulle-ƙulle a jikin wata igiya. Wata rana ta duba igiyar ta ce saura kwana tara Babbar Salla, kuma washegarin Salla kogi zai juya.

Shekara huɗu rabona da Salla. Na ce wallahi sai na yi layya kafin in bar ƙasar nan, ko da kuwa zabirata zan sayar. Ragunan Zangarma sun kai girman jaki, ƙahonsu huɗu, kuma suna tari irin na dattawa. Na samo ɗaya na kawo, na tsaya ina shakka.

Na ce, "Gwaggo, anya wannan ya halatta a yi layya da shi?"

Ta daki cikinsa da muciya, ya ce mee. Ta ce, "Ka ji. Rago ne."

Ranar Salla muka yi wanka, na sa rigata da ta rage ba ta yage ba, muka fita bayan gari mu biyu. Ni ne liman, ita ce sahu gaba ɗaya. Na karanta surori biyun da na fi amincewa da su. Da na juyo zan yi huɗuba, ta ce in taƙaita, wanda ya san rabin izu ba ya jan zance. Muka dawo na yanka rago, na feɗe, muka soya kayan ciki muka ci har muka kasa tashi. Ƙamshi ya cika unguwa. Mutanen Zangarma suna leƙe ta katanga suna haɗiyar yawu.

Washegari da safe aka buga ganga, kogi ya juya. Jirgin farko mai zuwa yamma zai tashi bayan azahar. Na raba nama kashi uku kamar yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu: na gida, na maƙwabta, na mabuƙata. Zan fita da shi ɗanye, sai Gwaggo ta ce, "Wa zai dafa wannan a 'yan tukwanensu kamar kaskon turare? Kawo a soya, ladan ya fi yawa." Na ce Allah Ya saka mata da alheri. Ta soya shi ya yi jawur, ta barbaɗa yaji, na ɗauki ƙwarya na shiga gari.

Masu mutunci suka rufe ƙofofinsu da suka hango ni. Amma kowane gari yana da ragwayensa, masu kwana a inuwar kasuwa. Su kam suka taso suna miƙo hannu biyu, wasu har suna hawaye suna rungume ni. Na ce a raina ashe akwai 'yan halak a Zangarma. Na ba mutum arba'in da ɗaya, ina faɗin barka da Salla, suna taunawa suna kallon juna.

Ina sa ƙafa ɗaya a jirgi aka riƙe mini riga ta baya. Dogarai biyu suka kai ni gaban alƙalin garin, wanda suke kira Sarkin Ludayi. Ragwayen nan arba'in da ɗaya suna zaune a gabansa, kowa da kwano a cinya.

Sarkin Ludayi ya ce, "Baƙo, kai ka miƙa wa waɗannan dafaffen abinci da hannunka?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ba sai an gode mini ba, don Allah na yi."

Ya ce, "Dokar Zangarma ita ce, wanda ya miƙa wa ɗan ƙasa dafaffen abinci, ɗan ƙasar ya haɗiye, to ya zama uwarsa. Zai ciyar da shi safe da yamma har ɗayansu ya mutu, kuma ba ya barin gari."

Na ce, "Uwarsa? Ni da gemuna?"

Ya ce, "Doka ba ta duba gemu. Da ɗanye ka ba su, da babu magana."

Na tambaye shi ko akwai mafita. Ya ce akwai biyu. Ko dai mai ci ya kife kwanonsa da kansa a gaban shari'a, ko kuwa wani mai ciyarwa ya karɓe shi ya ɗora wa kansa, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa garin. Daga nan suka rataya mini ludayin ƙarfe a wuya da sarƙa, suka ɗaure da kwaɗo. Babu matuƙin da zai ɗauki mai ludayi. Arba'in da ɗayan nan suka biyo ni a baya suna kira na Inna.

Kai tsaye na nufi gidan Gwaggo, kalmar "ɗanye" tana yi mini yawo a ka. Na same ta zaune ta yi tagumi. Ba ta jira na yi magana ba, ta janye mayafinta. Ga ludayi a wuyanta, ya yi tsatsa, sarƙar ta ci fatar wuyan ta bar baƙin tabo.

Ta ce, "Sadakar bakwai ɗin mijina Malam ce ta jawo mini. Waina na raba."

Na ce, "Kin sani ke nan."

Ta ce, "Na sani. Ni na ce ka soya."

Na ce, "Gwaggo, ina da mata. Ina da 'yar da ban taɓa ganin tafiyarta ba."

Ta ce, "Ni kuma shekara ashirin da ɗaya da kaji nake Hausa, Korau. Kaza ba ta amsawa. Da ka ce mini gobe za ka tafi, sai na ji ba zan iya ba."

Na gaya mata maganganun da ba a gaya wa sa'ar uwa. Na ce Allah Ya isa tsakanina da ita. Ba ta rama ko ɗaya ba, wannan kuma ya ƙara ƙona mini rai. Na fita na bar ta.

Saura kwana biyu kogi ya koma halinsa. Na ce to, tunda ni ce uwa, za su ga renon Kano. Mutanen Zangarma ba su san barkono ba sai ɗan abin da Gwaggo ke barbaɗawa. Ni kuwa ina da ƙullin busasshen barkono a zabira tun daga gida, wanda nake tattalinsa kamar ido. Washegari na kira 'ya'yana gaban Sarkin Ludayi, na dafa musu miya na juye ƙullin duka a ciki. Da kaina ma sai da na koma nesa da tukunyar ina atishawa. Loma ɗaya suka yi. Wani ya ruga ya faɗa rijiya, wani ya kama lasar bango, wani ya roƙi dogari ya taimaka ya sare masa harshe. Na ce musu wannan ai abincin yara ne, gobe za a fara na manya. Kwano talatin da takwas aka kife nan take.

Saura uku. Biyu wasu ƙarti ne masu ciki kamar randa, sun share hawaye sun ce a ƙara. Na ukun wani ɗan tsoho ne mai suna Wurmi, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya shanye tasa har ya lashe kwano.

Rana ta ƙarshe da safe na shimfiɗa tabarma a gaban shari'a, na zazzage zabira. Na jera asake, da ƙahonin tsotsar jini, da ɗan ƙarfen cire beli. Na zauna ina wasa aska a tafin hannuna a hankali.

Ɗaya ƙaton ya ce, "Inna, wannan fa?"

Na ce, "Al'adarmu ce. Uwa ta gari ba ta ba ɗanta abinci sai ta duba shi. Kullum kafin kalaci za a kafa muku ƙaho shida a baya, a tsaga, a zuƙe mataccen jini. Yau kuma da yake ranar farko ce, akwai cire beli. Sannan a kwance wando in ga ko an yi muku abin da ake yi wa maza."

Ya ce, "Me ake yi wa maza?"

Na gwada masa da aska a kan ɗan karas. Bai tsaya kife kwano da hannu ba, da ƙafa ya shure shi, ɗan'uwansa ya bi bayansa. Sarkin Ludayi da kansa sai da ya gyara zama ya haɗe gwiwoyinsa.

Wurmi kuwa ya matso, ya cire riga, ya juya mini ƙasusuwan bayansa. Na ce masa zai yi zafi. Ya ce ya sani. Na ce miyar gobe ta fi ta jiya. Ya ce ba komai.

Na ce, "Baba, don girman Allah, me na yi maka?"

Ya ce, "Tun da uwata ta yaye ni, babu wanda ya sake miƙo mini abinci sai kai. Shekarata tamanin ina kallon bango. Ka yanka inda kake so, Inna, ni dai ba zan kife ba."

Aska ta faɗi daga hannuna. Na yi wa dodo wayo, na yi wa ƙarti wayo, amma wannan ban san ta inda zan kama shi ba. Na roƙe shi, na yi masa alkawarin aski kyauta, na gaya masa sunan 'yata. Ya yi kuka tare da ni, amma kwanon yana rungume a ƙirjinsa.

Da la'asar ta yi aka buga gangar jirgin ƙarshe. Na tafi bakin kogi don in ga tafiyarsa da idona, Wurmi yana biye da ni, Sarkin Ludayi da dogarai suna gefe don kada in yi wauta. Ruwan ya fara rage gudu. Matuƙi yana kwance igiya. Na tsaya da ludayi a wuya ina lissafin shekarun Uwani in an ƙara bakwai, sai na tuna ba bakwai ba ne ma, sai ranar da tsohon nan ya ga dama ya mutu, kuma irinsu ba sa mutuwa.

Sai na ji ana cewa, "Ku ba ni hanya, 'ya'yan banza!" Gwaggo Tabawa ce take kutsowa cikin taro, ba mayafi, da malmalar tuwo da kwanon miya a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya gaban Wurmi ta gutsuro loma ta tsoma a miya.

Ta ce masa da harshensu, "Wannan wanzami ne, bai iya dafa ko ruwan zafi ba. Ni kullum sau biyu, da man shanu. Buɗe bakin."

Wurmi ya dube ni, ya dubi tuwon. Ƙamshin miyar kuka ya yi masa magana. Ya buɗe, ta tura, ya haɗiye. Sarkin Ludayi ya shafa gashinsa, sannan ya ce doka ta cika. Dogari ya buɗe kwaɗon, ludayi ya faɗi a kan yashi.

Na ce, "Gwaggo..."

Ta ce, "Rufe mini baki ka shiga jirgi, kafin in sake tunani. Ba don kai na yi ba, don yarinyar ce."

Na ce, "Na janye Allah Ya isa. Na yafe, ke ma ki yafe mini."

Ta ce, "Na ji. Abu ɗaya nake so. Ka yi ta yi mini magana har jirgin ya yi nisa. Ko me ka ga dama ka faɗa, in dai da Hausa ne."

Na shiga, aka tura jirgi. Ni Korau, da ba a taɓa rufe mini baki a wurin aski ba, na nemi kalma ɗaya na rasa. Ruwa yana ta shiga tsakaninmu, tana tsaye tana jira. Sai na buɗe murya na ce, "Bazazzagiya mai tuwo da gudaji!"

Ta yi tsalle ta ce, "Bawan gidanmu! Limamin rabin izu!"

Na ce, "Mai fira da kaji!"

Ta ce, "Uwar ragwaye mai gemu!"

Haka muka yi ta yi, mutanen jirgi suna kallona kamar mahaukaci, hawaye yana shiga mini baki. Muryarta ta yi ta ƙanƙancewa har na daina rarrabe kalmomin, sai hannunta kawai nake gani yana yi mini daƙuwa. Daga baya kogi ya yi kwana, gaɓar ta ɓace.

Nan hikayata ta tsaya, wanda ya ji ya ƙaru, wanda ya ƙaryata ya je ya gani da kansa. Ni dai ban yi shiru ba a ranar. Na ci gaba da zaginta da iyakar muryata har ta dushe, don ban san daidai inda kunnenta ya daina kaiwa ba.